Goɗiyata ba ta taɓa sa takalmi ba, in shiga gasar zango uku da ita a haka?

Mai Kili:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san tambayata za ta tayar da ƙura, amma gara in yi ta. Goɗiyata shekararta 8, kuma tun da na same ta ba a taɓa buga mata takalmi ba. Kofatonta baƙi ne mai tauri, ba ta taɓa ɗingishi ba, ko a kan tsakuwa muka bi ba ta ɗage ƙafa. Yanzu mun fara shirin gasar zango uku, ƙaramin mataki, shingen da bai wuce santimita 90 ba. Mai koya mini hawa ya ce sai an buga mata ƙarfe kafin mu shiga zangon daji, wai ba ya son ya gan mu a ƙasa. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da a huda kofaton da ke lafiya lau ba. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Kuma doka ma ta yarda?

Ɗan Sukuwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kada ka bari a taɓa mata ƙafa. Wannan magana an gama ta tun a Tokiyo, a gasar Olamfik da aka yi a 2021. Suwidin ce ta ɗauki zinare a tsallaken sanduna na ƙungiya, kuma biyu daga cikin dawakinta uku ba su da takalmi: All In na Peder Fredricson, da King Edward na Henrik von Eckermann. Fredricson ya ƙara da azurfa a gasar ɗaiɗaiku. Shi kuma King Edward ya zama zakaran duniya a Herning ta ƙasar Denmak a 2022, ƙafa tsirara. In dokin da ya fi kowane doki tsalle a duniya bai buƙaci ƙarfe ba, goɗiyar da za ta haye santimita 90 ce za ta buƙata?

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri da ni, ban daɗe a zauren ba. Mene ne zango ukun?

Uwar Barga:
Ba laifi ƙanena. Doki ɗaya da mahayi ɗaya ne suke yin jarrabawa uku. Na farko nuna horo a cikin fili mai yashi ko ciyawa, alƙalai na duba takama da sassarfa da biyayya. Na biyu zangon daji, inda ake sukuwa a buɗaɗɗen fili ana haye shingayen da ba sa faɗuwa, gungumen itace, rami, gangare, tafki. Na uku tsallaken sandunan da ke zubewa in an taɓa su. Asalinta gwajin dawakin soja ne, kuma tana cikin Olamfik tun 1912.

To Ɗan Sukuwa, a nan ne misalinka ya gaza. Dawakin da ka lissafa duka na tsallaken sanduna ne kawai. Filin da suke takawa yashi ne da aka cakuɗa da zare, an daidaita shi, an ba shi ruwa daidai gwargwado, ana bi da mota ana sharewa tsakanin mahaya. Zagayensu bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Kwatanta wannan da zangon daji na manyan gasannin zango uku, Badminton ko Burghley a Ingila: sama da kilomita 6, gudun mita 570 a minti ɗaya, minti 11 zuwa 12 ana sukuwa, tsalle har kusan 45, a kan ciyawar da dawaki hamsin suka riga suka tattake, wataƙila kuma an kwana ana ruwa. Doki ya fito daga tafki ƙafarsa jiƙe, ya hau tudu, ya sauko gangare, ya yi kwana zuwa siririn shinge. Wannan ba aikin King Edward ba ne, kuma ba raina shi nake yi ba.

Ɗan Sukuwa:
Hajiya ai Mai Kili ba Badminton za shi ba.

Uwar Barga:
Gaskiyarka. Amma kai ka fara ɗauko manya, shi ya sa na ɗauko nawa manyan.

Baba Maƙeri:
Bari in sa baki, tunda sana'ata ake magana a kai. Shekaruna da yawa ina durƙushe ƙarƙashin dawaki, bayana ma ya shaida. Abin da yawancin mutane ba su gane ba shi ne, a gasar nan ba don kofato zai cinye ake buga takalmi ba. Ana bugawa ne don a sami inda za a ɗaura ƙaya. Takalmin ana huda masa rami mai zare a wajen dunduniya, ranar gasa a murɗa ƙayar ƙarfe a ciki, kamar ta takalmin 'yan ƙwallo. Ƙasa mai tauri a sa ƙarama mai tsini, taɓo a sa babba mai faɗi. In an gama a cire, a toshe ramin da auduga. Kofato tsirara ba shi da inda za a murɗa komai. To ka ga tambayar Mai Kili ta gaskiya ita ce: goɗiyarsa za ta iya zangon daji ba ƙaya? Wannan kuwa ba ni zan amsa ba, ƙasar da za ta taka ce za ta amsa.

Sannan ɗana, maganar baƙin kofato ka ajiye ta. Na yanke farin kofato mai taurin dutse, na yanke baƙi mai rugurgujewa kamar busasshen sabulu. Launi ba ya faɗin komai. Abin da nake dubawa kaurin bango ne, da zurfin tafi, da lafiyar tsokar nan mai kama da kan mashi da ke tsakiyar tafin.

Mai Kili:
Na gode Baba. Wallahi ni duk tsammanina launin ne. To amma kofato tsirara ba shi da nasa riƙon?

Baba Maƙeri:
Yana da shi, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta rage mini ciniki. Kofato tsirara ya fi takalmin ƙarfe marar ƙaya riƙe ƙasa, nesa ba kusa ba. A kan kwalta, a kan kankare, a kan busasshiyar ƙasa, ƙarfe santsi gare shi. Tafin kofato a loƙe yake kamar ƙoƙo, bakin bango na cizon ƙasa, tsokar tsakiya na dannawa. Inda yake kasawa wuri biyu ne a ganina. Gajeriyar ciyawa da raɓa ko yayyafi ya jiƙa samanta alhali ƙasan ta bushe ƙamas, wannan ita ce muguwar, domin ba abin da zai nutse ya kama. Sai kuma laka mai yauƙi a kan gangare.

Dakta Mai Dawaki:
Sannunku. Ina bin maganar tun ɗazu, bari in ƙara ta ɓangaren jiki. Kofato ba akwati ba ne, yana motsi. Duk lokacin da doki ya taka, dunduniyar na buɗewa kaɗan, in ya ɗaga ta koma. Wannan motsi da matashin kitse da guringuntsi da ke can ciki su ne ke shanye wani kaso na girgizar, kuma suna taimaka wa jini ya koma sama. Takalmin ƙarfe da aka kafe da ƙusa yana rage wannan buɗewar, musamman in ƙusoshin sun yi baya da yawa. Yana kuma ƙara nauyi a ƙarshen ƙafa. A wannan fannin masu cewa a cire suna da hujja, ba hayaniya kawai suke yi ba.

Akwai kuma abin da nake so kowa ya riƙe game da ƙaya. Ƙafar doki an halicce ta ne ta ɗan zame kaɗan in ta sauka, ɗan zamiyar nan ita ce birki mai laushi. In ka sa ƙaya mai girma a ƙasa mai tauri, kofato ya kafe wuri ɗaya cak, jikin da ya kai kilo 500 yana ci gaba da tafiya, to ƙarfin sai ya haura zuwa gaɓoɓi da jijiyoyi. In kuma ƙaya ɗaya ce a gefe guda, ƙafar na iya murɗewa a kanta. Na duba dawakin da ƙaya ta yi wa illa: wanda ya taka ɗayar ƙafarsa ya yage fata, da wanda jijiyarsa ta kumbura bayan gasa a busasshen fili. Saboda haka kada a ɗauka ƙaya lafiya ce zalla.

Amma zamiya kaɗan daban, zamewa gaban gungumen itace daban. Faɗuwar da muka fi tsoro a wannan wasa ita ce wadda doki ke bugun shinge da ƙirji ko saman ƙafafun gaba ya wuntsila, ya faɗo a kan mahayi. Ita ce ta sa aka ƙirƙiro maƙalan da ke karyewa su saki shingen in an buge shi da ƙarfi. Dokin da ƙafar bayansa ta sulɓe daidai lokacin tashi ba zai sami tsayin da yake buƙata ba. Wannan ne abin da mai koya maka yake hangowa, Mai Kili, ba ƙin ka yake yi ba.

Ɗan Sukuwa:
Dakta na ji, amma dawakin jeji wa yake buga musu takalmi? Suna gudu a kan duwatsu tun fil azal. Kuma a Faransa da Suwidin masu tseren sassarfa da keke suna cire takalmi don doki ya ƙara sauri, har a takardar tseren Faransa ana rubuta wanda aka cire wa. Masu tseren dogon zango ma, irin na kilomita 160, da yawa ba ƙarfe suke sawa ba.

Dakta Mai Dawaki:
Dokin jeji ba ya ɗauke da mutum da sirdi, ba wanda ke riƙe masa agogo, kuma in ya ga santsi shi ke zaɓar ya rage gudu ko ya kauce. Wanda kofatonsa bai da kyau kuwa ba ya daɗewa har mu gan shi mu yi misali da shi. Masu sassarfa a kan shararren fili suke gudu, kuma sau da yawa ana cirewa ne don tseren, a mayar daga baya, domin kofaton na cinyewa. Masu dogon zangon da ba sa buga ƙarfe yawancinsu suna sa wa dokin takalmin roba mai rufe kofato, kuma ba sa haye shinge da gudu. Kowane misali gaskiya ne a wurinsa.

Uwar Barga:
Bari in ba ku nawa labarin, ku yi hukunci da kanku. Ina da wani ɗan doki gajere mai kauri, irin masu kofato kamar turmi. Shekara uku yana gasa a ƙananan matakai ba takalmi, ko sau ɗaya bai zame ba. Har na fara yi wa mutane wa'azi kamar yadda Ɗan Sukuwa ke yi yanzu. Sai muka hau mataki na gaba, gudu ya ƙaru, kwanoni suka matse. Wata rana aka yi yayyafi da asuba bayan an daɗe ba ruwa. A kwanar da ke bayan tafki ƙafafun bayansa suka tafi gefe, ya durƙusa, ya miƙe, ban faɗo ba. Ba abin da ya same shi a jiki. Amma daga ranar ya daina sakin jiki. Dokin da a da yake jan hannuna zuwa shinge ya koma yana ƙirga taku, yana ƙara ƙaramin taku kafin ya tashi. Sai da muka yi wata huɗu muna komawa ƙananan shingaye kafin zuciyarsa ta dawo. Kofato in ya tsage yana tsirowa, amma doki in ya daina yarda da ƙasa, aikin ya fi haka wuya.

Yanzu abin da nake yi da shi: lokacin gasa takalmi da ƙananan ƙayoyi, in an rufe kakar wasa a cire, ya yi wata uku ƙafa tsirara, ramukan ƙusa su sauka su fita.

Mai Kili:
Hajiya wannan labarin ya taɓa ni. To ta yaya mutum zai gane dokinsa ya fara jin tsoron ƙasa kafin abu ya faru?

Uwar Barga:
Takunsa zai gajarce. A kwana za ka ji ya miƙe jiki kamar katako maimakon ya lanƙwasa. A gangare zai riƙa neman ya sauka a karkace. Wani kuma sai ya fara ƙin shingen da jiya ya haye ba gardama, ka ɗauka taurin kai ne, ka sa masa bulala, alhali ƙafarsa yake gaya maka. Kuma ka tuna tirjiyar farko a gaban shinge a zangon daji maki 20 ne na hukunci, kowace daƙiƙa da ka wuce lokaci kuma 0.4. In ka rage gudu don kare shi, wanda shi ne daidai, agogo zai ci ka. Sai ka zaɓi wanda ya fi maka.

Mai Kula da Zaure:
Ba a amsa wa Mai Kili maganar doka ba.

Dakta Mai Dawaki:
Dokokin hukumar dawaki ta duniya, FEI, ba su tilasta takalmi ba, doki na iya shiga ƙafa tsirara. Abin da ake tilastawa shi ne ya kasance lafiyayye. A manyan gasanni akwai duba dawaki kafin a fara, da kuma safiyar ranar ƙarshe bayan zangon daji, inda ake sa doki sassarfa a hannu a kan ƙasa mai tauri gaban alƙalai da likita. Dokin da ya taka dutse jiya tafinsa ya yi tsami, a nan asirinsa ke tonuwa, kuma ba damar a ba shi maganin kashe zafi domin haramun ne a gasa. Takalmin roba mai rufe kofato kuwa ba a yarda da shi a zangon nuna horo na FEI ba. Ƙananan gasanni kowace ƙasa da littafin dokarta, sai ka karanta na inda za ka shiga kafin ka biya kuɗin rajista.

Baba Maƙeri:
Takalmin robar nan ma ni ba na son sa a daji. Ruwa ya shiga, yashi ya shiga, ya juya a ƙafa ko ya fice a tsakiyar sukuwa. Na ƙilisa ne da doguwar tafiya.

Kuma tunda an ambaci ficewa, kada a ce na ɓoye laifin nawa. Takalmin ƙarfe ma yana ficewa. Doki ya taka dunduniyar gaba da ƙafar baya a cikin taɓo, ya fizge shi, wani lokaci har da guntun bango. Sai ya ƙarasa zagayen da ƙafa uku masu ƙaya, ɗaya ba komai, kuma ita wannan ɗayar ba ta saba da ƙasa ba. Wanda bai da takalmi tun farko ba shi da wannan fargabar. Na taɓa kwana ina lallaɓa bangon da ya yage don doki ya wuce duban safe, ban so in sake.

'Yar Hurde:
Ni tambayata ta bambanta. Nawa dokin yana da takalmi shekara shida, jinin dawakin tsere ne, ina son in cire. Gasa saura sati bakwai. Zai yiwu?

Baba Maƙeri:
'Yata ba a fafe gora ranar tafiya. Kofato na tsirowa kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, kafin ya sauya gaba ɗaya daga sama zuwa ƙasa ana cin wata 9 zuwa shekara. Tafin da ya shekara shida a ɗage bai san ƙasa ba, sai ya yi kauri a hankali. Bangon da ke da ramukan ƙusa zai ɓantare kafin sabo ya sauko. Ga shi kin ce jinin tsere ne, waɗannan da yawansu tafinsu siriri ne kuma a shimfiɗe. In kina so ki gwada, bari kakar wasa ta ƙare, ki fara da na baya. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, su ne kuma ke karɓar sauka bayan tsalle, don haka su ake bari ƙarshe. Wasu dawakin a nan suke tsayawa har abada, gaba da takalmi, baya babu.

Ɗan Sukuwa:
Amma Baba ai ƙafar baya ce ke tura doki, ita ce ta zame wa Hajiya. In za a bar takalmi a biyu don ƙaya, ba na baya ya kamata a bari ba?

Baba Maƙeri:
Ka kama ni, yaro. Don kare tafi, gaba. Don riƙo, baya. Shi ya sa in aka hau manyan matakai ake ƙarewa da huɗun duka.

Dakta Mai Dawaki:
'Yar Hurde, ki ƙara da duba abincinsa da inda yake tsayuwa. Dokin da ke shan hatsi da zaƙi da yawa tafinsa na saurin tsami, wanda kuma ke tsaye cikin danshi dare da rana kofatonsa na yin laushi. Mutane na cire takalmi su bar sauran yadda yake, in doki ya yi ɗingishi su ce ai an gwada bai yi ba. Sannan gyaran kofato tsirara ya fi yawa, ba ya raguwa. Ana bin bakin da magagari akai-akai don kada ya tsage, ba a jira sati shida kamar na mai takalmi.

Ɗan Sukuwa:
To ni dai har yanzu ina nan a kan cewa yawancin dawakin da ke ƙananan matakai an buga musu ƙarfe ne don haka aka saba, ba don sun buƙata ba. Kafin Tokiyo ai masu tsallaken sanduna ma cewa suke ba zai yiwu ba.

Uwar Barga:
A wannan kam ban musa maka ba. Rabin dawakin da ke hannuna a matakin santimita 80 da 90 ba su da takalmi, kuma lafiya suke zagayawa. Inda muka rabu da kai shi ne ka mai da shi aƙida. Ni ranar da na ga ƙasa ba ta yi mini ba, janye dokin nake yi, ko da na biya kuɗin shiga na yi doguwar tafiya. Wanda zai iya wannan, ya bar dokinsa ƙafa tsirara. Wanda ya san in ya isa fili ba zai iya haƙura ba, ya buga takalmi.

Mai Kili:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yanke. Zan kai ta filin atisaye sau biyu kafin gasar, ɗaya a bushe, ɗaya bayan ruwa, mai koya mini ya tsaya a kwana ya kalli ƙafafun bayanta. In takunta bai sauya ba za mu shiga a haka, kuma ranar gasa zan zagaya filin da ƙafata da sassafe in ga ciyawar. Baba, in ya zama dole a buga, sati nawa kafin gasa ya kamata a yi don ta saba da nauyin?

Baba Maƙeri:
Aƙalla uku, kuma ka ce a huda ramin ƙaya tun a lokacin, kada a zo ana neman mai hudawa ana gobe gasa. Ka fara hawanta da ƙananan ƙayoyi a atisaye, domin wadda ba ta taɓa jin ƙafarta ta kafe ba za ta yi mamaki a karon farko. Ka turo mini hoton tafin nata daga ƙasa, da wani daga gefe tana tsaye a kan daɓe, in gani.

Mai Kili:
To Baba, gobe da safe in sha Allah in na wanke mata ƙafa.